Kafin a Yaba Sabuwar Mita, a Kwance Bayanta

A kasuwannin karkara na arewacin Kano, daga Ɗambatta zuwa Bichi, daga Kunchi zuwa Minjibir, rumfar masu kayan sola ta zama abin da ido ya saba da shi kamar rumfar masu taki da iri. A gefen farantan sola da batura da ƙwayayen fitila, ba a rasa wata ƴar na'ura rawaya ko baƙa wadda ba ta wuce tafin hannu ba, mai ɗan gilashin da lambobi ke bayyana a kai, da wayoyi biyu masu tsini, ja da baƙa. Masu sana'a mita kawai suke ce mata. Cikakken sunanta maltimita, wato ma'aunin da ya tara awon lantarki iri-iri a jiki ɗaya. Duk yaron da ya fara koyon haɗa sola ita yake fara saye, kuma ita ce ke sa mutanen gari su fara kiransa injiniya.

Yaɗuwarta alheri ne, ban da shakka a kan haka. Abin da nake ja da shi shi ne yadda muke yanke mata hukunci a ganin farko. Mai saye yana duba hasken lambobinta, da yawan rubutun da ke kewaye da maɓallinta, da ƙarar da take yi idan an haɗa tsinayenta. Da wuya a sami wanda zai tambayi irin fiyus ɗin da ke cikinta, alhali wannan ɗan ƙaramin abu, wanda tsofaffin masu gyara ke kira fis, shi ne zai tsaya tsakanin mai aiki da ƙuna ranar da hannunsa ya yi kuskure. Kuma wannan rashin kula da fiyus bai tsaya a cikin mita ba. Ya bi wayoyin har cikin ɗakunanmu.

Yadda wuta ta dawo hannun mutanen gari

Shekaru kaɗan da suka wuce, lantarkin ƙauye abu biyu ne: ko layin kamfanin rarraba wuta na KEDCO, inda ya kai, ko janareta. Ranar 29 ga Mayu, 2023, Shugaba Bola Tinubu ya sanar da ƙarshen tallafin man fetur. Litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin ƴan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuma ta haura 1,000. A ƙarshen Oktoban 2024 yawancin jihohin Arewa suka shafe fiye da mako guda cikin duhu bayan lalacewar manyan layukan da ke kawo wuta. Mai shagon cajin waya, da mai sayar da ruwan sanyi, da mai aski, da manomin rani a bakin madatsar Tomas ko ta Watari, kowa ya yi lissafinsa, da yawa suka koma ga rana.

Wannan sauyi yana da wata fuskar da ba a cika magana a kanta ba. Wutar kamfani, duk da matsalolinta, tana zuwa da taransifoma mai fiyus, da kat-awut a jikin bango, da ma'aikatan da suka sami horo. Wutar sola kuwa ɗan maƙwabcinka ne ya haɗa ta, da ilimin da ya samu wajen ubangidansa ko a bidiyon YouTube. Akwai hukumar NEMSA, wadda dokar 2015 ta ɗora wa alhakin duba aikin lantarki da ba masu wayarin shaidar ƙwarewa, amma ba wanda ke sa ran jami'inta zai zo duba batir biyu a wani ɗaki a Makoɗa. Inda babu mai duba aiki, fiyus ne kaɗai mai gadi.

Yanayin zamanmu kuma ya ƙara wa lamarin nauyi. Tun 1965 Michael Mortimore da abokin aikinsa suka wallafa bincikensu a Jami'ar Ahmadu Bello kan yadda ƙasar da ke kewaye da birnin Kano ta cika da jama'a, gona a jikin gona, gida a jikin gida. Daga wancan lokaci zuwa yau cunkoson ƙaruwa ya yi. Bayan kaka, kara yana jingine a bango, harawa tana kan soro da kan itatuwa, dangar zana ta haɗa wannan gida da wancan, rumbu na tsaye a tsakar gida da abincin shekara a cikinsa. Idan iskar hunturu ta sami tartsatsi a irin wannan wuri, kafin motar kashe gobara ta iso daga hedikwatar ƙaramar hukuma, aikin gama ya gama.

Abin da ido ke gani

Dole a ba wannan na'ura haƙƙinta. A 1923 aka fara sayar da ma'aunin da wani injiniyan gidan waya na Ingila, Donald Macadie, ya ƙirƙira domin ya gaji da ɗaukar ma'auni daban-daban. Shi ne aka sani da AVO, mai allura, mai nauyi, mai tsada. A 1977 kamfanin Fluke na Amurka ya fitar da mita mai lambobi da ake riƙewa a hannu ɗaya. Yau jikokin wannan fasaha, irin waɗanda masana'antu da yawa a ƙasar Sin ke bugawa da lambar 830, sun iso kasuwar Sabon Gari a kwali-kwali, daga nan su bazu ƙauyuka.

Kwanakin baya na sayi sabuwa guda daga irin masu arahar nan domin in ga abin da mai koyo ke samu da kuɗinsa. A awon ƙarfin wuta ba ta ba ni kunya ba. Batirin gubar da ya cika ya huta ta nuna shi kusa da bolt 12.7, kamar yadda ya kamata. Da wannan awo kaɗai mai gida zai gane cewa batirin da ke nuna 12.1 ko 12.2 ya kai wajen rabi, wanda ya sauko ƙasa da 11.9 kuma ana kashe shi ne a hankali. Wannan ilimi ne mai daraja. Ya fi tsohuwar al'adar goga waya biyu a ga ko za su yi tartsatsi, ya kuma fi ɗanɗana ƙaramin batir da harshe.

Da na kwance ƙusoshin bayanta sai labari ya sauya. A fuskarta an rubuta cewa tana ɗaukar bolt ɗaruruwa. A cikinta kuwa fiyus guda ne, ɗan siriri na gilashi, an buga bolt 250 a kan hularsa, kuma ƙaramin layin awo kaɗai yake tsarewa. Babban ramin da aka rubuta 10A a gefensa ba shi da fiyus ko kaɗan. Wata lanƙwasasshiyar waya mai kauri ce ta haɗa shi kai tsaye da ramin baƙar waya. Masu ƙera ta ma ba su ɓoye ba: a ƙasan ramin, da ƙananan haruffan Turanci, an rubuta UNFUSED, ma'ana babu fiyus. Nawa ne cikin masu amfani da ita suka san abin da kalmar ke nufi?

Ramin da ke cin hannu

Domin a fahimci haɗarin, sai a tuna da ban ruwa. Ƙarfin da ke tura ruwa cikin tiyo shi ne kwatankwacin bolt. Yawan ruwan da ke wucewa shi ne amfiya. Ƙuncin tiyon da ke hana ruwa gudu shi ne turjiya, wadda ake aunawa da om. Bajamushe Georg Ohm ya bayyana dangantakarsu a 1827: a raba bolt da om, abin da ya fito shi ne amfiya.

Idan ana awon bolt, mita tana zama kamar ƙofa a rufe. Turjiyarta takan kai om miliyan ɗaya a masu araha, miliyan goma a masu kyau, don haka kusan babu abin da ke ratsa ta. Shi ya sa ake iya ɗora tsinayenta a kan kawunan batir biyu ba tare da komai ya faru ba. Awon amfiya akasin haka ne. Sai an cire jar waya an mayar da ita ramin 10A, an yanke hanyar wutar, an sa mita a tsakani domin wutar ta bi ta cikinta. A wannan hali ƙofa a buɗe take wangale. Waccan lanƙwasasshiyar wayar turjiyarta ba ta wuce kashi ɗaya cikin ɗari na om ba.

To, ga kuskuren da kusan duk mai aiki da mita ke iya yi, gwani da ɗan koyo. Ya auna amfiyar faranti, waya ta yi ƙara, ya amsa, ya dawo ya murɗa maɓalli zuwa bolt, amma ya manta jar waya tana ramin 10A. Sai ya ɗora tsinaye a kan batir. Murɗa maɓallin bai rufe waccan ƙofa ba. Abin da ya yi daidai yake da ɗora sifana a kan kawunan batir biyu. Mu ƙaddara turjiyar mita da wayoyinta gaba ɗaya kashi ɗaya cikin goma na om ce. A batirin bolt 12, amfiya 120 ke nan za ta bi ta wayar da aka yi domin 10. A jerin batura huɗu na bolt 48, lissafin ya kai 480. Robar waya takan narke a hannu, tsini ya yi ja, narkakken ƙarfe ya yi tsalle zuwa fuska. Idan batirin na ruwa ne kuma yana kan caji, yana fitar da iskar haidurojin mai kamawa da wuta, tartsatsi ɗaya na iya fasa shi ya watsa ruwan batir a ido. Idan kuma a layin kamfani aka yi kuskuren, kusa da taransifoma, abin ya wuce ƙuna ya zama fashewa.

Gilashi da tangaran

Fiyus dabara ce mai sauƙi, har Thomas Edison ya yi wa wani samfurinsa rajista tun 1890. Siririyar waya ce da aka yi ta da gangan domin ta zama mafi rauni a duk hanyar wuta, ta narke kafin sauran su ɗau zafi. Sai dai narkewa ba ita ce ƙarshen aiki ba. Idan wutar da ke tafe tana da yawa sosai, takan tsallake giɓin da aka samu ta ci gaba da gudu cikin iska a matsayin harshen wuta, irin wanda ake gani a wurin mai walda. Fiyus na ƙwarai shi ne wanda zai iya kashe wannan harshe.

Saboda haka kowane fiyus yana da lambobi uku, ko da yake a kasuwa ɗaya kawai ake tambaya. Akwai amfiyar da zai ɗauka kafin ya tsinke. Akwai bolt ɗin da zai iya tarewa bayan ya tsinke. Akwai kuma mafi girman ambaliyar da zai iya yankewa ba tare da ya tarwatse ba. Ƙaramin fiyus na gilashi, bisa ƙa'idar duniya, ba a sa ran ya yanke abin da ya wuce wajen amfiya 35. Mai girmansa na tangaran yana kai wa 1,500. Waɗanda ake sa wa a mita masu inganci, masu kaurin yatsa, an cika su da yashi mai laushi, suna yanke amfiya 10,000 ko fiye a bolt 600 ko 1,000. Yashin ne ke shanye zafin, ya narke ya daskare, ya toshe hanyar harshen wutar a cikin kwanson, mai aiki ya ji ɗan ƙas kawai.

Akwai kuma bambancin da ya shafi sola kai tsaye. Wutar kamfani, wadda ake rubuta wa AC, tana kai-komo ne sau 50 a daƙiƙa, don haka sau 100 a kowace daƙiƙa takan sauko sifili, harshen wuta ya sami damar mutuwa. Wutar batir da faranti, mai alamar DC, tafiya ɗaya take yi ba hutu. Fiyus ko birekar da aka yi domin wutar gida na iya kasa yanke ta, musamman idan an jera farantai da yawa domin famfon ban ruwa, inda bolt ke haura ɗari.

Rubutun CAT II ko CAT III da ake gani a fuskar mita yana nuni ne da matakin wurin da ta dace a yi aiki da ita: na biyu soket da kayan cikin gida, na uku akwatin rarraba wuta, na huɗu inda layi ke shigowa daga waje. Amma fenti ba ya hana kowa rubutu. Mitar da ta ce CAT III a waje, cikinta kuma fiyus na gilashi ne mai bolt 250, ta ƙaryata kanta da kanta.

Bolt 12 ba abin rainawa ba ne

Wanda ya saba ganin mita ba fiyus, ba zai ji komai ba idan ya haɗa gida ba fiyus. Babban abin da ke ruɗar mutane shi ne batir ba ya jan mutum. Ana taɓa kansa da hannu ba a ji komai ba, sai a ɗauka wutar wasa ce. Amma abin da ke ƙona waya amfiya ce, kuma idan bolt ya yi ƙasa, amfiya sama take yi. Kayan da ke cin wat 1,000 a wutar bolt 230 amfiya huɗu da ɗoriya suke ja. Kayan nan dai, ta hanyar inbata a kan batirin bolt 12, sun haura amfiya 80. Zafin da waya ke ɗauka kuma ba daidai yake tafiya da amfiya ba: idan ta ninka sau biyu, zafi ya ninka sau huɗu. Wayar soket ta gida mai kaurin 2.5, wadda iyakarta ba ta wuce amfiya ashirin da wani abu ba, idan aka sa ta tsakanin batir da inbata, an dasa gobara ne ana jiran ranarta. Balle a ce wayar ta jabu ce, alminiyon da aka shafa wa launin jan ƙarfe.

Babban batir mai lamba 200 kuwa, idan wayoyinsa biyu suka haɗu saboda ɓera ya ci roba ko gefen kwano ya yanke ta, yana iya zubo amfiya dubbai nan take, kuma ba shi da maɓallin kashewa. Kwantirola ba za ta taimaka ba, fiyus ɗin cikin inbata ma haka, domin matsalar ta faru kafin a kai gare su. Shi ya sa ƙa'ida ta ce a sa fiyus a kan jar waya, kusa da kan batir iya kusanci, kuma a zaɓe shi gwargwadon kaurin wayar. Waya yake karewa, wayar kuma ita ce ke bi ta jikin azara da zana.

Sai kuma al'adar da kowa ya sani: fiyus ya tsinke, a tsinko silin jan ƙarfe a ɗaure, ko a naɗe shi da takarda mai ƙyalli ta kwalin sigari. Wuta ta dawo, mai gida ya yi godiya, a yaba wa mai gyara da dabara. Alhali fiyus ɗin da ya tsinke aikinsa ya yi, saƙo ya kawo cewa akwai matsala a wani wuri. Wanda ya ɗaure shi bai gyara komai ba, ya dai mayar da wurin da ya fi rauni daga cikin kwanso zuwa wani lungu na ɗaki da ba wanda ya sani.

Uzurin da ke da ƙarfi

Za a ce mini mita mai fiyus ɗin yashi tana ninka mai araha sau da yawa a farashi, kuma yaron da bai gama biyan kuɗin koyo ba ba zai iya sayenta ba. Gaskiya ne, kuma ba na cikin masu cewa a hana sayar da masu araha. Wanda aka raba da ita ba mai tsada zai saya ba, goga waya zai koma. Za a kuma ce manomin da famfonsa ya tsaya da tsakar rana, tumatirinsa na yaushi, ba zai bar gona ya tafi birni neman fiyus ba. Wannan ma gaskiya ne, kuma shi ne ainihin tushen al'adar ɗaure-ɗauren. Mutane ba don wauta suke yi ba. A rumfar da ake sayar da faranti da batir da inbata, sau da yawa ba a samun fiyus ɗin batir ko bireka ta DC, domin ribarsu kaɗan ce kuma ba a tambaya.

Amma waɗannan uzurori suna nuna inda gyara yake ne, ba su wanke haɗarin ba. Mai araha tana da iyaka, kuma sanin iyakar kyauta ne. A yi awon bolt na batir da faranti ɗaya da ita, a gwada ko waya ta tsinke, a gwada fiyus kansa bayan an cire shi. Ramin 10A kuwa, idan ba shi da fiyus, a liƙe bakinsa da salatif. Wanda aikinsa ke buƙatar awon amfiya kullum ya tara kuɗi ya sayi mita mai baki irin na awartaki, wadda ke rungumar waya ta auna ba tare da an yanke ta ba, ya kuma tabbatar tana auna DC, domin da yawa AC kaɗai suke gani. Kafin a yarda da mita ta ce babu wuta a layi, a fara gwada ta a inda aka tabbatar akwai. Idan fiyus ɗin cikinta ya tsinke, sifili za ta riƙa nunawa a awon amfiya, har a zargi lafiyayyen faranti da mutuwa. A musanya shi da irinsa a lambobin nan uku. Idan alamar batirinta ta fito, a sauya, domin daga nan lambobinta ba abin dogaro ba ne.

Inda nauyin ya rataya

Nauyi na farko yana kan dillalai. Wanda ya sayar da batir ya haɗa da fiyus da gidansa da na ajiya guda biyu a cikin ciniki ɗaya, kamar yadda ba a sayar da tukunyar gas ba tare da kanta ba. Manyan ƴan kasuwar da ke shigo da kaya Sabon Gari su ne za su iya fara wannan, kuma hukumar SON mai kula da ingancin kaya tana da hurumin tambayar mitar da rubutun fuskarta ya saɓa wa abin da ke cikinta.

Na biyu yana kan iyayen gida a sana'a. Darasin farko ga yaro ya kamata ya zama kwance bayan mita, a nuna masa fiyus, a nuna masa ramin da ba shi da shi. Muna da Kwalejin Ilimi ta Fasaha ta Tarayya a Bichi, da Kwalejin Aikin Gona ta Audu Bako a Ɗambatta, a tsakiyar yankin da abin ya shafa. Horon kwana biyu da Hausa ga masu haɗa sola na ƙauyuka bai fi ƙarfinsu ba. Dokar lantarki ta 2023 kuma ta buɗe wa jihohi ƙofar tsara harkar wuta a cikin iyakokinsu, don haka gwamnatin Kano ba ta da dalilin jiran Abuja kafin ta ɗauki nauyin irin wannan.

Na uku yana kan mai gida, wanda ba ya buƙatar sanin Ohm ko Edison. Idan an gama haɗa masa sola, kafin ya biya cikon kuɗin aiki, ya ce da mai aikin: nuna mini fiyus ɗin da ke kusa da batir, ka kuma bar mini na ajiya. Idan mai aikin ya ce ba a buƙata, bolt 12 ne kawai, to aiki bai ƙare ba tukuna, kuma ɗakin da yara ke kwana ba wurin ajiye wannan batir ba ne.